Hannaye a Doron Jirgi: Wa Ke da Bakin Kira?

Akwai wata magana ta Turanci wadda kunnuwanmu suka saba da ita a wannan yanki har ta kusa zama sallama. Da wuya a yi taron sulhu a Kafanchan, ko a ƙaddamar da allurar rigakafi a Kwoi, ko a raba takin zamani a Zonkwa, a tashi ba tare da wani mai babbar riga ya gyara murya ya ce "all hands must be on deck" ba. 'Yan jarida su rubuta, gidan rediyo ya fassara da cewa an yi kira ga jama'a su haɗa ƙarfi da ƙarfe, kowa ya kama gabansa. Ni ma da haka na ɗauke ta, wato cikin jerin kalaman nan da ake cika baki da su kafin a kai ga jawabin godiya, sai da wani dattijo ya yi mini tambayar da har yau ban gama amsa ta ba.

Shekarun baya ne, bayan ƙura ta lafa daga ɗaya daga cikin tarzomomin da muka sha gani, aka kira taro a wani zaure a Kafanchan. Babban baƙo ya zo daga nesa da jerin motoci, ya yi jawabi da Turanci, ya rufe da wannan magana. Matashin da aka ɗora wa tafinta bai ji kalmar ƙarshe da kyau ba, ya ɗauka "desk" aka ce, sai ya sanar da jama'a cewa mai girma ya ce kowa ya ɗora hannunsa a kan tebur. Wasu suka yi murmushi, wasu kuwa suka waiga suna neman teburin. Kusa da ni akwai wani tsohon ma'aikacin reluwe, ya taɓa ni ya ce, "Malam, wai me ya ce ne?" Na bayyana masa cewa magana ce ta masu jirgin ruwa, idan jirgi ya shiga haɗari sai a yi shela kowa ya fito samansa a taru a cece shi. Dattijon ya yi shiru, ya dubi taga, inda direbobi suka riga suka tayar da motoci domin a fita gari kafin dokar hana fita ta fara aiki. Sa'an nan ya ce, "To, shi ma a cikin jirgin yake?"

Kafin a tunkari wannan tambaya, ya kamata a san inda maganar ta fito. A Turancin Ingila gajeruwa ce, "all hands on deck", babu aikatau a cikinta, domin ba a yi ta don a karanta daga takarda ba. Ihu ne da ake kwarmatawa cikin iska da ruwan sama. Ƙarin nan na "must be" da ake cusa mata a tsakiya ya fi yawa a bakinmu, mu 'yan Nijeriya, kuma shi ne ya sauya ta daga ihun mai neman agaji ta koma nasiha. Kalmar "deck" tana nufin doron jirgi, wato daɓen katakon da ke sama, inda igiyoyi da sitiyari suke. Kalmar "hands" kuwa, hannaye ke nan, amma mutane ake nufi. Tun cikin ƙarni na 17 Turawan Ingila suke kiran ma'aikacin jirgi da sunan hannu. Wannan kinaya ce ta ambaton ɓangare a nufi duka, kuma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, wanda yakan ce baki goma yake ciyarwa, ko ya ce ƙafa ta ɗauke a kasuwa. Abin lura shi ne gaɓar da aka zaɓa. Maigida yana ƙirga bakuna domin ciyarwa ce damuwarsa. Kyaftin yana ƙirga hannaye domin jan igiya ce buƙatarsa. Babu wanda ya taɓa yin shelar duk kawuna su hallara a doron jirgi.

A zamanin da iska ce ke tura jirage ta hanyar manyan zannuwa da ake ɗaurawa a dogayen ginshiƙai, ana raba ma'aikata gida biyu, suna karɓa-karɓa duk bayan sa'a 4. Rabi suna aiki a sama, rabi suna barci a ƙasa. Wannan barci haƙƙi ne, shi ne kusan kaɗai abin da talakan jirgi ya mallaka. Amma idan guguwa ta taso dole a naɗe zannuwan cikin gaggawa, ko za a juya jirgi kusa da duwatsu, ko abokan gaba sun ɓullo, sai shugaban ma'aikata ya busa usur, a leƙa ƙasa a yi wannan shela. Wanda ya kwanta minti 10 da suka wuce zai tashi, mai dafa abinci zai bar tukunya, kafinta zai ajiye zarto. Jirgi irin Victory, wanda Nelson ya yi yaƙin Trafalgar da shi a 1805, yana ɗauke da mutum fiye da 800, saboda haka mai karatu zai iya ƙiyasta irin rugugin ƙafafu da wannan kira ke haddasawa. Har ila yau akwai wasu lokuta biyu da ake tara kowa a jiragen yaƙin Ingila: ranar da za a tsula wa wani bulala, da ranar da za a jefa gawa a teku. Daga wannan tushe ne kuma aka sami wata maganar mai tayar da tsigar jiki, wadda ake rubutawa idan jirgi ya nutse ba a tsira da ko mutum ɗaya ba, a ce ya halaka da duk hannayensa.

Idan aka duba da kyau, za a ga kiran yana tsaye ne a kan wasu sharuɗɗa da ba a faɗa, domin teku ta riga ta faɗe su. Kira ne na ɗan lokaci. Da guguwa ta wuce, masu hutu za su koma shimfiɗarsu, kuma kyaftin ɗin da ke tayar da mutane dare da rana ba gaira ba dalili ba zai daɗe ba zai rasa mai amsa masa. Kowane mutum ya san igiyarsa tun kafin ranar haɗari, don haka shelar ba ta buƙatar bayani. Amma babban sharaɗin, wanda dattijon nan ya ɗora yatsa a kai ba tare da ya taɓa ganin teku ba, shi ne cewa mai kiran da waɗanda aka kira katako ɗaya suke takawa. Kyaftin na iya zama azzalumi, yana cin nama su suna cin busasshen biskit mai tsutsa, da yawa daga cikinsu ma kamen dole aka yi musu a mashaya da tashoshin ruwa, kamar yadda rundunar ruwan Ingila ta riƙa yi har zuwa wajen 1815. Duk da haka, idan jirgin ya kife, ruwa ba ya tambayar muƙami. Wannan ne ya ba shi bakin kira. Ikonsa na tayar da mai barci ya samo asali ne daga cewa shi ma ba shi da wajen gudu.

To, me zai faru idan yana da wajen gudu? Amsar tana nan a gaɓar tekunmu na Afirka ta Yamma. A watan Yuli na 1816 wani jirgin Faransa mai suna Méduse, ɗauke da mutum kimanin 400 har da sabon gwamnan da aka naɗa wa Sanagal, ya maƙale a rairayi daura da gaɓar Muritaniya. Kyaftin ɗinsa, wani mai suna Chaumareys, ya shekara kusan 20 bai tuƙa jirgi ba. Siyasa ce ta ba shi muƙamin. Da aka ga kwale-kwalen ceto ba za su ɗauke kowa ba, sai aka ɗaɗɗaure katakai aka yi wani dandamali, aka loda masa mutum kusan 150, da alkawarin cewa kwale-kwalen za su ja shi zuwa gaɓa. Gwamna da kyaftin suka shiga kwale-kwale. Ba a yi nisa ba aka saki igiyar. Bayan kwana 13, da aka tsinci dandamalin, mutum 15 kawai aka tarar da rai. Hannayen da suka ɗaure katakan nan sun amsa kira; abin da ba su sani ba shi ne cewa masu kiran sun riga sun fita daga jirgin a zuci.

Yanzu mu dawo gida. Abin mamaki ne a ce maganar teku ta yi kaka-gida a garin da ruwansa mafi girma shi ne wanda ke zubowa a Matsirga. Ta hanyar makaranta da jarida da aikin gwamnati ta iso mana, ta baro gishirin tekunta a hanya. Amma Kafanchan ba baƙuwar jirgi ba ce, tun da Hausa ta yi mana gata ta ba kwale-kwale da na ƙasa da na sama suna ɗaya. Jirgi ne ya raya garin. A wajen 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratsa ta nan ya haɗe da Kaduna, wani reshe kuma ya haura Jos, sai ƙauyen Fantswam ya wayi gari ya zama mahaɗa. Ibo da Yarbawa da Tibi da Nufawa suka zo aikin reluwe, 'yan kasuwa suka biyo su, a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo nan. Sai dai akwai bambanci tsakanin jirgin ƙasa da na ruwa wanda ya shafi batunmu. A jirgin ƙasa kusan kowa fasinja ne: ya yanki tikiti, ya zauna, in ya kai tasharsa ya sauka, in jirgin ya lalace ya nemi mota. Ba a taɓa tayar da fasinja a ce ya zo ya zuba gawayi a tukunyar injin ba. Ina jin wani ɓangare na ciwonmu shi ne ana yi mana kiran jirgin ruwa alhali an yi mana tarbiyyar jirgin ƙasa.

Ko a tekun ma, ba duk wanda ke cikin jirgi ne hannu ba. Akwai hannaye, akwai fasinjoji, akwai kaya. A ƙarshen 1781 ma'aikatan wani jirgin bayi na attajiran Liverpool mai suna Zong suka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku da ransu, da hujjar ƙarancin ruwan sha. Da maganar ta je kotu a Landan a 1783, ba shari'ar kisan kai aka yi ba, shari'ar inshora aka yi, wato wa zai biya asarar kaya. Duk shelar da aka yi a doron wannan jirgi, ba da waɗanda ke ɗaure a cikinsa ake ba.

A nan ne maganar take taɓa mu inda ke da ciwo, kuma zan faɗe ta yadda na gan ta ko da ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Idan aka ce duk hannaye a kudancin Kaduna, mutum biyu ne ke tsayawa su tambayi kansu ko da su ake. Na farko shi ne ɗan Bajju ko Atyap ko Ham ko Kaninkon ko Kagoro, wanda kakanninsa suka ba shi labarin hare-haren kamun bayi na ƙarni na 19, da kuma zamanin En'e, lokacin da aka ɗora wa da yawa daga cikin garuruwansu hakiman da ba su san yarensu ba. A tunaninsa, an daɗe ana ƙirga shi cikin kaya, kuma ba a tuna yana da hannu sai ranar da ake neman ƙuri'a ko haƙuri. Na biyu shi ne Bahaushe ko Bafulatanin da aka binne cibiyar kakan kakansa a Jama'a ko Zangon Katab, wanda bai san wani gida ba, amma duk ranar da rai ya ɓaci sai a tuna masa cewa shi baƙo ne, wato fasinja, ya shirya sauka. Wanda aka mayar kaya ba ya jin jirgin nasa ne. Wanda aka mayar fasinja kullum idonsa na kan ƙofa. Babu ɗayansu da za a zarga in ya yi nauyin ƙafa da ya ji usur.

Tarihin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A watan Maris na 1987 wuta ta tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 batun sauya wa kasuwa mazauni ya zama sanadin abin da ya faru a Zangon Katab, a Fabrairu sa'an nan a Mayu. A Mayun 1999 Kafanchan ta sake kamawa a kan naɗin sarauta. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka ƙone kasuwar garin, aka yi asarar rayuka masu yawa a nan da Zonkwa da kewaye. Bayan kusan kowace ɗaya an kafa kwamiti ko kotun musamman, an saurari shaidu, an miƙa rahoto. Kuma bayan kusan kowace ɗaya an zo an ce mana duk hannaye su hallara. Hausa tana da wani abu a nan da Turanci ba shi da shi a sarari. Mukan ce wane ya sa hannu, muna nufin ya taimaka. Mukan kuma ce wane yana da hannu, muna nufin da shi aka ƙulla ɓarnar. Matar da aka kashe wa miji tana jin shelar duk hannaye, sai ta ji ana gayyatar ta ta kama igiya ɗaya da masu hannu, tun kafin a tambaye su komai. Sau da yawa amfanin da ake yi da maganar ke nan: a rufe bakin mai tambayar wa ya huda jirgin, da hujjar cewa yanzu lokacin kwalfe ruwa ne. Shekara kusan 40 ke nan ana cewa yanzu ba lokacin tambaya ba ne. Guguwar da ba ta wucewa kuwa ta tashi daga sunan guguwa, ta zama yanayin gari.

Muna da namu kiran, wanda a ganina ya fi na Bature adalci, shi ne gayya. Manomin citta a ƙasar Jaba ko Kachia da aiki ya fi ƙarfinsa yakan gayyaci maƙwabta, kuma kowace ƙabila a nan tana da sunan da take kiran wannan al'ada. Mai gayya ba ya busa usur. Roƙo yake yi. Shi zai tanadi abinci da abin sha, shi zai riga kowa isa gona, kuma ya san bashi ya ci, ranar da maƙwabcinsa ya kira dole ya ɗauki fartanya. Wanda bai taɓa zuwa gayyar kowa ba, in ya kira tasa, shi da 'ya'yansa za su wuni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma ba a taɓa jin mai ɗaki ya tsaya a inuwa yana ba da umarni ana ɗora masa jinka ba. Da masu jawabi za su riƙa cewa gayya suke kira, da sun ji nauyin kalmar a bakinsu, domin kowa a zauren ya san abin da ake bin mai gayya. Wataƙila shi ya sa Turancin ya fi sauƙin faɗa.

Sai dai kada mai karatu ya zaci ina cewa tun da masu kiran ba su cika sharaɗi ba, to, mu koma mu kwanta. Wannan ita ce gaɓar da ta fi ba ni wahala, domin ruwan da ke shigowa gaskiya ne, ko da mai shelar maƙaryaci ne. Addinan nan biyu da muke faɗa da sunansu kowanne ya kawo misalin jirgi. A hadisin da Buhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir, an kwatanta al'umma da mutanen da suka yi ƙuri'a a jirgi, wasu suka sami sama wasu ƙasa, na ƙasa suka yi niyyar huda nasu ɓangaren don su huta da hawa neman ruwa. In na sama suka ƙyale su, duka za su halaka. A sura ta 27 ta Ayyukan Manzanni kuwa, jirgin da ke ɗauke da mutum 276, har da Bulus, ya shiga guguwa, ma'aikatansa suka yi dabarar sulalewa da kwale-kwale, Bulus ya faɗakar da sojoji, suka yanke igiyar kwale-kwalen ya tafi babu kowa, kuma a ƙarshe duka suka kai gaɓar Malta da rai. A labarin farko an hana na ƙasa huda jirgi. A na biyu an hana masu tuƙi guduwa. Ni dai ban ga yadda ɗaya zai yi aiki ba tare da ɗayan ba.

Akwai kuma wani abin koyi daga su masu maganar. A watan Afrilu na 1797, ana tsakiyar yaƙi da Faransa, aka umarci jiragen yaƙin Ingila da ke Spithead, kusa da Portsmouth, su fita teku, ma'aikata suka ce ba za su ɗaga anka ba. Albashinsu bai ƙaru ba tun shekarun 1650, abincinsu kuma ana tauye mudunsa. Amma ba su ƙone jirgi ko ɗaya ba, sun ci gaba da tsare da'a a tsakaninsu, sun kuma sanar cewa in jiragen Faransa suka ɓullo za su fita su tare su. Wato sun raba tsakanin kiran da teku ke yi da kiran da manya ke yi don a manta da koke. Bayan makonni aka ƙara albashi, aka sauke wasu azzaluman hafsoshi, Sarki ya yi musu afuwa. Wani abu mai kama da wannan na hango a watan Maris na 2016, lokacin da wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a da Kachia da Kaura da Sanga da Zangon Katab suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, bayan kowace al'umma ta zayyana kokenta a gaban sauran. Ba ta hana jini zuba ba. Kafin shekarar ta ƙare an kai hari Goska a jajibirin Kirsimeti. Amma ko ba komai, a wannan karon waɗanda suka yi kiran su ne waɗanda za su kwana a garin.

Da wannan ma'auni nake auna maganar yanzu duk inda na ji ta, har da lokacin da ta fito daga bakina, domin mu malamai ma ba mu tsira ba. Mukan tara ɗalibai mu ce musu gyaran ƙasa aikin kowa ne, alhali takardar neman aiki a wata ƙasa tana cikin aljihun wasunmu. Ban ce laifi ne mutum ya nemi kwale-kwale ba. Kowa da iyalinsa. Abin da nake shakka shi ne ko wanda ƙafarsa ɗaya ke cikin kwale-kwale yana da sauran izinin busa usur.

Dattijon nan na reluwe ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kuskuren tafinta kuwa bai mutu ba. Ina yawan ganinsa a takardun gayyata da sanarwar ƙungiyoyin ɗalibai, an rubuta "desk" ɓaro-ɓaro a inda ya kamata a sa "deck". A da nakan ɗauki jan biro in gyara. Kwanan baya wani ɗalibi ya kawo mini irin wannan sanarwa in duba masa kafin a buga, na nuna masa kalmar, na ba shi labarin jirage da igiyoyi da masu barci a ƙasa. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce shi a iya saninsa, duk waɗanda ya taɓa ji suna faɗin maganar a bayan tebur suke zaune. Na miƙa masa takardarsa, na ce ya je ya yi shawara da sauran 'yan kwamitinsu.